Yadda za ka samu masauki a ƙauyen Japan kusa da wurin bautar Shinto, kuma ka ga al'adunsu ba tare da ka taɓa addininka ba

Wani aminina da yake sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa ne ya tare ni bayan sallar isha'i a majalisarmu, ya ce "Malam, kai da ka zauna a can, in na gama lodin kwantena ina da kwana huɗu a hannu, so nake in fita daga birni in ga ƙauyensu da wuraren nan masu jar ƙofa da ake nunawa, amma ina zan kwana, me zan ci, kuma ya maganar sallah?" Na fara ba shi amsa a tsaye sai na ga abin ya fi ƙarfin hirar bakin titi, shi ne na ce bari in rubuta, dan na san ba shi kaɗai ba ne, akwai ɗalibanmu a can da 'yan kasuwa da masu zuwa kwas da suke komowa Kano ba su ga komai ba sai Tokyo da Osaka.

Abu na farko da nake so ka riƙe tun kafin mu shiga sunayen garuruwa, a ƙauyen Japan komai kafin ka iso ake gama shi. Ba kamar nan ba ne da za ka sauka a Unguwa Uku da daddare ka tare ɗan adaidaita ka ce kai ni masauki mai kyau. A can masaukin ƙauye yawanci gidan iyali ne, tsoho da tsohuwa ne suke riƙe da shi, ɗaki huɗu ko biyar, kuma cefanen abincinka tun da safe aka yi shi da lissafin kai nawa ne za su kwana. In ka faɗo ba sanarwa ba za su wulaƙanta ka ba amma wallahi ba su da inda za su saka ka.

Wurin bautar Shinto jinja suke ce masa, kuma za ka gane shi da ƙofar nan mai ginshiƙi biyu da sanda a sama, torii. Shinto shi ne addinin gargajiyarsu, suna girmama abin da suke kira kami, wanda suke dangantawa da duwatsu da itatuwa da ruwa da kakanni, shi yasa manyan jinja da yawa suke cikin daji ko kan dutse. Bakano ba zai sha wahalar gane tsarin ba in ya tuna tarihin Dala da Barbushe da Tsumburbura kafin zuwan Musulunci, bambancin kawai su nasu yana nan da ransa kuma da gine-gine da firistoci da bukukuwa na shekara-shekara. Ka bambance shi da wurin bautar Buda, wannan daban ne, duk da a wasu duwatsun sun cakuɗe tun da daɗewa.

Toh wane za ka zaɓa? Ni inda na sani da ƙafata shi ne Kumano a jihar Wakayama, kuma shi nake ba wa duk wanda zai fara shawara, saboda sun saba da baƙi kuma hanyar ba ta da ruɗani. Daga Osaka za ka hau jirgin ƙasa mai suna Kuroshio zuwa tashar Kii-Tanabe, awa biyu da ɗan wani abu, daga nan bas ya hau da kai cikin duwatsu wajen awa biyu zuwa Hongu, inda babban jinja na Kumano Hongu Taisha yake. Tsofaffin hanyoyin ƙafa na yankin, Kumano Kodo, UNESCO ta saka su cikin kayan tarihin duniya a 2004. Asalin wurin a bakin kogi yake, ambaliyar 1889 ce ta cinye yawancin ginin aka mayar da abin da ya tsira kan tudu, a tsohon filin kuma, Oyunohara, suka kafa wata torii mai tsawon kusan mita 34 a tsakiyar gonakin shinkafa. Da sassafe in hazo ya sauko ka ganta tsaye ita kaɗai, abin kallo ne na gaske.

In kana kusa da Tokyo kuma kwananka kaɗan ne akwai Dutsen Mitake a yammacin Tokyo, ana hawa da keken igiya, a saman akwai ƙauye guda da iyalan firistoci suke karɓar baƙi. Akwai Togakushi a Nagano mai jinja biyar da doguwar hanyar manyan itatuwa, an san su da taliyar soba. Akwai Haguro a Yamagata mai matakalar dutse 2,446, wannan sai mai gwiwa. A kudu kuma akwai Takachiho a Miyazaki, zan dawo kansa dan maganar rawa.

Masaukin iri uku ne za ka dinga cin karo da sunansu. Ryokan shi ne na alfarma, da ma'aikata da abinci kala-kala, da tsada. Minshuku shi ne gidan iyalin da na faɗa, ya fi araha kuma a nan ne za ka ga rayuwarsu ta ainihi, kai da masu gida kusan tukunya ɗaya. Sai shukubo, masaukin da tun asali an yi shi ne dan masu zuwa ziyarar ibada, irin na Mitake da Togakushi da ƙauyen Toge a gindin Haguro. Shukubo yana da kyau da tsafta amma ka sani wasu suna da addu'ar safe da ake gayyatar baƙi, dan haka tun wajen kama ɗaki ka rubuta musu cewa kai Musulmi ne ba za ka shiga ba, ka ji amsarsu kafin ka biya. Ni dai ga Bahaushe minshuku na fi so, ba ka cikin harabar ibadar kowa, kuma da ƙafa za ka taka ka je ka dawo.

Ka lura da farashi, kuɗin kai ɗaya suke rubutawa ba kuɗin ɗaki ba, kuma yawanci da abincin dare da karin kumallo a ciki. A minshuku ka saka a ranka wajen yen 10,000 zuwa sama ga mutum ɗaya. Kar ka ce za ka rage kuɗi ka cire abincin, a ƙauyukan nan da yamma ta yi shaguna sun rufe, babu mai shayi babu mai tsire babu mai indomi a bakin hanya, in ba ka ci a gida ba sai ka kwana da yunwa.

Wajen nema, Booking.com da Rakuten Travel da Jalan duk suna da amfani, amma ƙananan gidajen ƙauye da yawa ba sa ciki, wasu har yau da wayar tarho suke karɓar baƙi. Abin da ya fi aiki shi ne ofishin yawon buɗe ido na garin, kusan kowace ƙaramar hukuma tana da shi, kanko kyokai suke ce masa, ka rubuta sunan garin da wannan kalma a Google za ka same su. Na yankin Kumano suna da shafin kama ɗaki nasu na kansu mai suna Kumano Travel, da Turanci, kuma su ne suke shiga tsakaninka da tsofaffin da ba sa jin Turanci, su isar musu da buƙatunka. Ka fara nema wata biyu ko uku kafin tafiya, in kuma lokacin bazararsu ne ko kakarsu ma fi haka. Ka kauce wa ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu lokacin dogon hutunsu, da tsakiyar Agusta lokacin Obon da kowa yake komawa garinsu, da kwanakin farko na Janairu da jama'a suke cika jinja maƙil. Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, Agusta zuwa Oktoba kuma guguwar teku tana iya tsayar da jirgi da bas. Sannan Japan tana gabanmu da awa 8, saƙon da ka tura da azahar a Kano dare ya yi a can, ka jira amsa washegari kar ka yi ta turawa.

Wannan takardar tabbacin ɗaki da za su turo maka ka buga ta, dan Ofishin Jakadancin Japan a Abuja yana neman jadawalin tafiya da inda za ka kwana wajen neman biza. Kuma in ka fasa zuwa ka sanar da wuri, akwai kuɗin fasawa, ban da haka ma mutanen sun riga sun yi cefane saboda kai.

Yanzu maganar abinci, nan ne nake so ka nutsu. Naman alade kowa ya sani, butaniku, kuma a ƙauyukan dutse suna cin gursunun daji, inoshishi, sai ka haɗa da shi a abin da za ka hana. Amma wanda yake shige wa mutanenmu shi ne mirin da sake, giyar shinkafa ce da suke zubawa a girki kamar yadda muke saka magi, tana cikin romo, tana cikin miyar da ake shafa wa kifi, har wani ruwan waken soya ana ƙara masa barasa. Ko abincin ganye zalla na shukubo, shojin ryori, da ba nama a ciki, yana iya ɗaukar mirin. Dan haka kar ka rubuta "halal" kawai ka yi shiru, tsohuwar ƙauye ba lallai ta san me kalmar ta ƙunsa ba. Ka rubuta dalla-dalla: ba na cin nama kowane iri, ba na cin abin da aka saka mirin ko sake, ina cin kifi da ƙwai da shinkafa da ganye da tofu, wato awara. Ka saka a fassara maka shi da Japananci ka tura, ka kuma buga a takarda ka riƙe a aljihu. In suka ce ba za su iya ba, kar ka ji haushi, gaskiya suka faɗa maka, sai ka ɗauki ɗaki ba abinci ka taho da guzurinka daga birni ko ka nemi wani gidan.

Mu da maiɗakina a gidan da muka fara sauka na faɗi maganar nama amma ban faɗi ta mirin ba, sai da muka zauna aka jera ƙananan kwanuka sun kai goma a gaban kowa sannan na tambaya. Tsohuwar ta tashi ta shiga kicin ta fito da kwalabe uku a hannu ta ajiye a gabana tana nuna kowacce tana nuna kwanon da ta zuba a ciki, muka ware kusan rabi. Ba ta ɓata rai ba amma na ga yadda take kallon kwanukan da ta wuni tana haɗawa, abin ya tsaya min a rai har yau. Ta koma ta gasa mana kifin kogi, ayu, da gishiri kawai, ta dafa ƙwai, ta ƙaro shinkafa. Da safe kuwa komai da ta kawo ta riga ta cire abin da muka ce. Da na faɗa tun a saƙon farko da duk wannan bai faru ba.

Kilishi da dambun nama kuma ka bar su a Kano dan Allah. Japan ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da nama ba tare da takardar hukuma ba, akwai karnuka masu sunsuna jaka a filin jirgi, tarar tana kaiwa yen miliyan 3 ko ɗauri. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji sun fi maka sauƙi, su ma in an tambaye ka ka nuna.

Ranar tafiya, ka duba jadawalin bas tun daren jiya ka ɗauki hotonsa, musamman bas na ƙarshe, dan wasu hanyoyin 'yan ƙalilan ne a rana kuma a kan minti suke tashi, ba jiran cika. Yawanci ta ƙofar baya ko ta tsakiya ake shiga, ka zari ƙaramar takarda mai lamba, in za ka sauka ka duba allon gaba ka ga kuɗin lambarka ka zuba a akwatin kusa da direba. Ka riƙe tsabar kuɗi da canji, gidaje da yawa ba sa karɓar kati, na'urar cire kuɗi ta shagon 7-Eleven da ta gidan waya su ne suke karɓar katin waje, ka cira tun a birni. Babban akwati kuma kar ka ja shi zuwa ƙauye, akwai masu kai kaya irin Yamato, ka ba su a otal ɗinka su kai maka masauki na gaba, kai ka tafi da jakar goyo. Soket ɗinsu mai baki biyu ne siriri, cajarmu mai baki uku ba za ta shiga ba, ka sayi adafta.

Ka isa tsakanin uku zuwa biyar na yamma, abincin dare wajen shida ne kuma tare ake ci, in za ka makara ka kira. Za su karɓi fasfo su yi kwafi, doka ce. Takalmi a bakin ƙofa ake cirewa, wannan ba baƙon abu ba ne a gurinmu, sai dai akwai silifas na cikin gida, akwai na banɗaki daban da ba a fitowa da shi, kan tabarmar tatami kuma ba a hawa da ko wanne. A ƙasa ake kwana kan katifar futon. Ba a ba da tukuici, in ka miƙa ma za su rikice. Sallah kuwa ɗakin tatami kamar an yi shi dan ita, fes yake, alƙibla daga Japan yamma ce ta ɗan karkata arewa, ka duba da manhajar waya. Ka lura da rani alfijir yana ketowa da wuri sosai, da sanyi kuma kafin biyar rana ta faɗi. Bangon ɗakunan siriri ne, wasu ma takarda ce, sai ka sassauta murya da asuba. In za ka yi alwala kar ka jiƙa musu daɓen katako, ka riƙe ƙaramin tawul.

Wanka shi ne abu na biyu da sai ka tambaya tun kafin ka biya. Ruwan zafin ƙasa, onsen, al'adarsu tsirara ake shiga, maza daban mata daban amma dai tare da wasu, kuma ba a yarda a shiga da gajeren wando ba. Wannan ba namu ba ne. Kalmar da za ka nema ita ce kashikiri, wato wankan da kake kullewa kai kaɗai ko da iyalinka. Ƙananan minshuku da yawa dama bi da bi ake shiga, sai ka tabbatar. A Yunomine, ƙauyen ruwan zafi kusa da Hongu, akwai wani ɗan ƙaramin ɗakin katako a bakin rafi mai suna Tsuboyu, ana sayen tikiti a ba ka minti 30 kai kaɗai ko ku biyu, ka kulle ƙofa. A wannan ƙauyen dai akwai wani rami na ruwan zafi da ake dafa ƙwai a ciki, ka sayi ƙwai a raga a shagon kusa ka ɗaura ka zura, ka zauna kana shaƙar warin farar wuta har ya nuna. Ko ina za ka shiga, a waje ake cuɗa jiki da sabulu a ɗauraye tas, sannan a shiga ruwan.

Shi kansa jinja, a buɗe yake ga kowa kuma ba wanda zai tilasta maka komai. Za ka ga masu ibada suna rusunawa a torii, suna wanke hannu da baki a wani kwarmin ruwa, su jefa kuɗi a akwati su rusuna sau biyu su tafa sau biyu su sake rusunawa. Wannan ibadarsu ce, kai ba ruwanka da ita, ka tsaya gefe da ladabi ka bar musu gaban. Ka bi gefen hanya dan tsakiyar suna ɗaukarta ta kami ce, kar ka ɗaga murya, kar ka taɓa itace ko dutsen da aka ɗaura wa igiya mai fararen takardu, kar ka ɗauki hoto inda aka hana ko ka haska fuskar mai addu'a. Layun da ake sayarwa, omamori, da takardun duba, omikuji, kar ka saya da sunan tsaraba, laya ce da duba kamar yadda ka san su a gida. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga harabar ba ma ba abin da ya rasa, dazukan da hanyoyin da ƙauyukan duk a waje suke, kuma ka tambayi malaminka tun a nan Kano dan ka tafi da natsuwa.

Ni abin da ya fi min daɗi ma tafiyar ƙafa ce. Ka hau bas zuwa Hosshinmon-oji ka gangaro zuwa Hongu, wajen kilomita 7 ne, ta cikin daji da gonakin shayi da ƙananan ƙauyuka, za ka ga rumfuna a bakin hanya an jera kayan gona ba mai tsaro, sai akwatin da za ka saka kuɗi. Ka ce wa masu masaukinka tun da dare su haɗa maka abincin rana na tafiya. In kana da ƙarin kwana ka wuce Nachi ka ga ruwan da yake zubowa daga tsawon mita 133, a nan ne ake bikin wuta duk 14 ga Yuli, maza cikin fararen kaya suna ɗauke da manyan tocilan itace 12. Bikin Hongu kuma 13 zuwa 15 ga Afrilu ne. Irin waɗannan ranaku ɗaki yana ƙarewa da wuri kamar yadda masaukin Kano yake yi lokacin Hawan Daushe.

Takachiho da na ce zan dawo kansa, can ne gidan rawar kagura, masu rawa da fuskokin katako suna kwaikwayon tatsuniyoyin kami da ganga da sarewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙauyuka suna kwana suna yin rawa 33 har gari ya waye, amma wannan ibada ce sosai kuma al'ada baƙo ya kai gudummawar kuɗi ko barasa. Mai son kallo kawai akwai gajeren nuni na awa ɗaya da ƙarfe takwas na dare a zauren jinja na Takachiho, rawa huɗu ake yi, da tikiti ake shiga a zauna a ƙasa. Jirgin ƙasa ba ya zuwa garin, sai bas daga Nobeoka ko Kumamoto.

Banda waɗannan ka tambayi masu gidan kai tsaye me ake yi a garin wannan makon, da manhajar fassara a wayarka hira tana yiwuwa. Su ne suka san wanda yake girbin shinkafa, da mai yin takardar hannu, da inda ake koyar da murza soba. Kuma ka tafi musu da 'yar tsaraba daga gida, suna girmama kyauta ƙwarai. Ni ƙaramin yadin rini na Ƙofar Mata na kai wa tsohuwar nan, dan su ma suna da rinin baba nasu, aizome. Ta shimfiɗa shi a kan tebur tana bin zanen da yatsa, ta shiga ɗaki ta ɗauko wani tsohon ƙyalle nata ta jera su tare, na nuna mata hoton karofi a waya da marina suna tsoma yadi, ta kira mijinta shi ma ya zo ya gani. Ka nannaɗe kyautar da kyau, ka miƙa da hannu biyu, lokacin isowa ya fi.

Da safe yawanci kafin ƙarfe goma ake barin ɗaki. Ka biya da tsabar kuɗi, ka tattara shararka ka tafi da ita in ba ka ga inda ake zubawa ba, ka ce arigato gozaimasu, sannan ka kasance a tashar bas minti biyar kafin lokaci.